Girafait ɗin fensir zai iya yin aikin na buroshi ko na batir?

Tambaya: Malam, na karanta cewa baƙin da ke cikin fensir, da buroshin injin lantarki, da abin da ke cikin batirin waya, har da girafin ɗin nan da ake ta yayatawa, duk girafait ne. In haka ne, me zai hana a niƙa fensir a zuba a kwaɗo, ko a fere sandar batirin tocila a yi buroshi da ita? Gawayi ma ai kabon ne, in an ƙara masa wuta ba zai koma girafait ba?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta gaskiya ne, amma da sauran rina a kaba. Duk kabon ne, kamar yadda daimon ma kabon ne tsantsa. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarrar suka jeru, da girman fallayen, da abin da aka cuɗa su da shi. In ka fahimci fallen nan, sauran tambayoyin za su warware da kansu.

A cikin girafait kowace ƙwayar kabon tana riƙe da 'yan'uwanta uku, sai su saƙu su ba da siffa mai kusurwa shida irin ta saƙar zuma, shimfiɗe kamar fallen takarda. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya nanomita 0.142 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma riƙon yana cikin mafi ƙarfi da aka sani. Sai a ɗora falle kan falle, da tazarar nanomita 0.335, amma riƙon da ke tsakaninsu sako-sako ne ƙwarai. Girafait mai kaurin milimita 1 yana ɗauke da fallaye kusan miliyan 3. Kowace ƙwaya tana da ilektron huɗu na haɗi. Uku sun shiga saƙa, na huɗun yana yawo a faɗin fallen, shi ne ke ɗaukar wutar lantarki. Shi ya sa wuta ke gudu a kwance ta bi falle, amma in za ta tsallaka daga falle zuwa falle sai ta yi nauyi sau ɗaruruwa, a mafi tsarin girafait ma sau dubbai. Haka zafi: a kwance, girafait mafi kyau ya ninka jan ƙarfe sau huɗu zuwa biyar, a tsaye kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hakan ba. Siririn fallen girafait da ake liƙawa cikin waya aikinsa ya baza zafi zuwa gefe ne. Wanda ya ɗauke shi ya cusa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya yana zaton zai ratsa da zafin kai tsaye, ya juya shi ta inda ya fi rauni. Ƙari a kan haka yana ɗaukar wutar lantarki, don haka in gefensa ya taɓa ƙafafun kayan allon wutar wayar, sai ya haɗa su.

Mu zo kan fensir. Babu dalma a cikinsa ko kaɗan. Lokacin da aka tarar da ma'adinin Borrowdale a Ingila a ƙarni na 16, an zaci wani nau'in dalma ne, sai a 1779 Carl Wilhelm Scheele ya nuna kabon ne, a 1789 kuma Abraham Werner ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu. Fensirin da muke riƙewa yau ya samo asali daga dabarar Nicolas-Jacques Conté ta 1795 a Faransa: a kwaɓa garin girafait da yumɓu, a matso shi siriri, a gasa a kusan digiri 1000, a jiƙa da kakin zuma ko makamancinsa. A fensirin HB kusan rubu'in abin yumɓu ne. Jerin H yumɓu ya fi yawa, jerin B girafait ya fi yawa. Kana iya gani da idonka. Ɗauki 6B ka goga layi mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 5 a takarda, ka yi ta maimaitawa har ya yi sheƙi kamar ƙarfe, sannan ka yi wani da 2H. Ɗora ƙafafun mitar auna lantarki a bakin kowane layi. Na 6B zai ba ka dubban om (ma'aunin yadda abu ke tare wuta), na 2H zai haura nesa da haka, wataƙila ma mitar ta ƙi karantawa. Lanƙwasa takardar kaɗan ka ga lambar ta motsa, don fallayen da ke kwance kan juna sun ɗan ja baya.

To, gasasshen yumɓun nan kankara yake yi, ba santsi ba. In kwaɗo ya cije ka goga fensir 6B a haƙoran mabuɗi sau ɗaya ko biyu, zai buɗe, ba laifi. Amma a mai da shi abin yi kullum, ko a zuba niƙaƙƙen fensir a inda ƙarfe ke juyawa da sauri, cinye wurin zai yi a hankali. A kwaɗo ma kuskuren da aka fi yi shi ne zuba garin girafait a wanda aka riga aka ɗiga wa mai. Garin da man da ƙura sai su dunƙule su zama kwaɓi, 'yan fil ɗin ciki su daina hawa da sauka. A wanke shi da abin da ke narkar da mai, ya bushe, sannan a hura gari ɗan ƙanƙani.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da santsin girafait: ba nasa ba ne shi kaɗai, sai da taimakon danshin iska. Gefen kowane falle yana da ƙwayoyin kabon da hannunsu ke sake, kuma ruwan da ke cikin iska shi ke rufe su. In babu ruwan, gefunan sai su kama ƙarfe su kama juna, santsi ya koma gurza. An ga wannan ƙarara a yaƙin duniya na biyu, lokacin da buroshin janaretocin jiragen sama suka riƙa zama ƙura cikin ɗan lokaci in jirgi ya yi nisa sama inda iska ta bushe, kuma Robert Savage na kamfanin General Electric ya bayyana dalilin a 1948. Saboda haka inda aka zuƙe iska ko inda ta bushe ƙamas, ba girafait ake sawa ba, MoS2 ake sawa, wanda makanikai ke kira moli. Shi ma falle-falle ne, amma halinsa kishiyar na girafait ne, danshi rage masa aiki yake yi. Inda kuma ake son santsi da jure zafi amma ba a son abin da ke ɗaukar wuta, akwai boron naitirait mai kusurwa shida, fari ne sol, har ana ce masa farin girafait.

Wani wurin da girafait ke ɓarna a ɓoye shi ne jikin alminiyam. In ya haɗu da alminiyam ko maganiziyam, ga danshi, musamman mai gishiri, sai su zama ƙaramin batir, kuma ƙarfen ne ke narkewa, girafait ɗin yana nan garau. Don haka giris mai girafait bai dace da zaren noti a jikin alminiyam ba, kuma wannan ne ya sa masu gyaran jiragen sama ba sa shata alama da fensir a jikin jirgi.

Batun sandar batirin tocila kuwa, amsar a'a ce, kuma ina so ka ga dalili don kada ka yi asarar inji. Sandar nan gawayin fetur ne aka cuɗa da kwalta aka gasa, aka jiƙa da kakin da zai hana ruwan batir hawa. Aikinta ta tattara wuta kawai, ba a yi ta don ta goga da komai ba. Tana da tauri, tana kankarar jan ƙarfe, in ta ɗumama kakin ya narko ya shafe zoben jan ƙarfen injin, wanda buroshi ke gogawa yana kai masa wuta. Batirin alkalin ma ba shi da sandar sam, kuma ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata da ido, kada a fasa shi.

Buroshi na gaske iri-iri ne, kowanne da injinsa. Na sitatar mota mai bolt 12 an cika shi da garin jan ƙarfe, shi ya sa yake da nauyi da ja-ja, don wuta mai yawa za ta bi ta cikinsa a ƙaramin bolt. Na giranda da injin huda masu bolt 230 baƙi ne wuluk, kuma da gangan aka sa ya ɗan tare wuta. Dalili shi ne a kowane juyi buroshin yana hawa kan yanka biyu na zoben jan ƙarfen a lokaci guda, ya haɗa su. In ba ya tare wuta, sai wuta mai yawa ta zagaya ta cikin naɗin wayar da ya haɗa, tartsatsi ya tashi, gefunan yankan su ƙone. Wanda ya fere buroshin sitata ya sa a giranda zai ga wuta ta kewaye zoben cikin 'yan mintuna. Wanda ya yi akasin haka, sitatarsa za ta yi nauyi, buroshin ya yi jawur.

Duba zoben da kyau kafin ka taɓa shi. Zobe mai lafiya ba ya ƙyalli kamar sabon jan ƙarfe, yana da launin ƙasa-ƙasa mai duhu, sumul, iri ɗaya ko'ina. Wannan launi siririyar fata ce ta tsatsar jan ƙarfe da girafait da danshi, kuma a kanta buroshin ke zamewa. Da yawa sukan ɗauka datti ne su kankare ta, alhali ita ce rayuwar zoben. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne zane-zane kamar an ja ƙaya, ko yanka ɗaya baƙi ɗaya fari, ko gefe a ƙone. In za a zaunar da sabon buroshi, a sa tsirin samfefa mai laushi tsakaninsa da zoben, ƙaiƙayin yana kallon buroshi, a ja ta bangaren da injin ke juyawa har fuskar buroshin ta ɗauki lanƙwasar zoben, sannan a hure ƙurar tas. Kada a yi amfani da yadin emeri, ɓarɓashinsa yana maƙalewa tsakanin yankan ya haɗa wuta. Maika, wato siririn ma'adinin da ke raba yankan yana tare wuta, ta kasance ƙasa da jan ƙarfen da kusan milimita 1, in ta taso buroshi zai riƙa tsalle. Matsin sifirin a manyan injinan masana'anta yakan kai kusan giram 200 a kan kowane murabba'in santimita na fuskar buroshi, kuma sifirin da ya saki ya fi wanda ya matse ɓarna, don tartsatsi ya fi gogayya cin buroshi. Abu na ƙarshe da ba a cika lura da shi ba: gam ɗin silikon a cikin rufaffen inji. Tururinsa yana komawa yashi mai laushi a ƙarƙashin tartsatsi, ya cinye buroshi da sauri.

Gawayin itace fa? Ba zai zama girafait ba, ko da an kai shi digiri 3000. Rosalind Franklin ta nuna a 1951 cewa kabon kashi biyu ne ta wannan fuska. Kwalta da ragowar man da ake yin gawayin fetur da shi suna narkewa su yi ruwa-ruwa a wajen digiri 400 zuwa 500, a nan ƙananan fallayen ke samun damar jeruwa fuska ɗaya, sai zafin 2500 zuwa 3000 ya ƙarasa haɗe su. Itace kuwa ba ya narkewa, yana ƙonewa ne a sandare, fallayen su sarƙe da juna a karkace da ramuka a tsakani. Girafait na masana'anta, wanda Edward Acheson ya buɗe hanyarsa a Amurka a shekarun 1890, daga gawayin fetur ake yin sa: a niƙa, a cuɗa da kwalta, a matso, a gasa a kusan digiri 1000, a sake ɗura kwalta a ramukan, sannan a bi da wutar lantarki ta cikinsa. Da shi ake manyan sandunan tanderun narka ƙarfe. Ba ya narkewa a iskar da muke ciki, sai dai ya tashi tururi sama da digiri 3600, kuma ƙarfinsa ƙaruwa yake yi da zafi har wajen 2500. Rauninsa iskar oksijin ce, daga wajen digiri 450 take fara cin sa. Tukunyar narka ƙarfe ta girafait da yumɓu tana shan danshi, a fara busar da ita a hankali a kusan digiri 200, in ba haka ba tururi ya tsaga ta. Tana da kyau ga alminiyam da tagulla da zinariya, amma narkakken baƙin ƙarfe yana shanye kabon ɗinta.

A batirin waya da na motar lantarki, tazarar nan ta tsakanin fallaye ce ake amfani da ita. Lokacin caji, litiyam yana shiga tsakaninsu ya zauna, ɗaya ga kowane kabon shida, abin da ake rubutawa LiC6. Iyakar abin da giram ɗaya zai ɗauka shi ne 372 mAh (ma'aunin cajin batir), tazarar kuma tana buɗewa da kusan kashi 10 cikin 100. Launin ma yana canzawa: daga toka-toka zuwa shuɗi mai duhu, zuwa ja-ja, in ya cika ya koma ruwan zinariya. Girafait ɗin da ake haƙowa a Sin ko Mozambik ko Madagaska ko Barazil ba ya shiga batir haka nan. Ana tace shi da kumfa ya kai wajen kashi 95, sannan a yi ta buga fallayen a inji har su naɗe su zama 'yan dunƙule masu maikuron 10 zuwa 20 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma rabi ko fiye na kayan yakan zube a wannan mataki. Dole ne a dunƙule shi, don in an bar shi a baje zai kwanta a kan fallen jan ƙarfen da ake shafa shi a kai ya juya wa litiyam baya, alhali ta gefe kawai litiyam ke shiga. Sai a tsarkake shi da asid ko da zafi ya kai kashi 99.95, a lulluɓe da siririn kabon. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda da ya tsira yana iya huda ledar da ta raba ɓangarorin batir biyu. Ka ga inda niƙaƙƙen fensir mai rubu'in yumɓu ya tsaya.

Kwaɓin da ake shafawa kusan kashi 95 zuwa 96 girafait ne, sauran baƙin kabon mai laushi da gam iri biyu, a kan fallen jan ƙarfe mai maikuron 6 zuwa 10. Ba a sa alminiyam a wannan ɓangare don litiyam yana shiga jikinsa ya ruguza shi. A cajin farko ruwan batir yana ruɓewa kaɗan a fuskar girafait ya yi wata fata mai barin litiyam ya wuce, kuma wannan yana cinye kashi 5 zuwa 10 na litiyam ɗin har abada. Ingancin fatar ya dogara da ruwan. Furofilin kabonet yana bin litiyam ya kutsa tsakanin fallaye ya ɓare su, etilin kabonet kuwa yana yin fata mai riƙo, kuma gano wannan a 1990 na cikin abin da ya ba girafait damar maye gurbin gawayin fetur da aka fara da shi. Babban haɗarin shi ne girafait cikakke yana zaune ne kusan bolt 0.1 kacal sama da inda litiyam ke komawa ƙarfe. In aka yi caji cikin sanyin da ya kai sifili, ko da wuta fiye da ƙima, litiyam ba ya samun shiga da wuri, sai ya taru a fuska kamar allurai. Ƙarfin batir ya ragu, allurar kuma tana iya huda ledar ta tada gobara. Sodiyam kuwa kusan ba ya zama a girafait, shi ya sa batirinsa ke amfani da sarƙaƙƙen kabon nan irin na gawayi, wanda ramukansa suka zama amfani a nan.

Girafin shi ne falle ɗaya tak. Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware shi a jami'ar Mancesta a 2004, suka karɓi kyautar Nobel a 2010, kuma hanyarsu tana da sauƙin faɗa. A ɗora ɗan girafait mai manyan fallaye a salatif, a ninke a ɓare kamar sau goma, a danna shi kan fallen silikon mai fatar oksaid ta nanomita 90 ko 300, a ɗaga a hankali. Kaurin fatar ba zaɓin banza ba ne. Falle ɗaya yana shanye kashi 2.3 cikin 100 na haske ne kawai, kuma a kan wannan kaurin ne yake bayyana a madubin ƙara girma kamar wata inuwa mai ɗan duhu fiye da kewayenta. Abin da za ka samu 'yan maikuron goma-goma ne a tsakiyar tarin masu kauri, ya isa bincike, bai isa sana'a ba. Mai faɗi ana shuka shi ne a kan fallen jan ƙarfe da iskar misen a kusan digiri 1000, kuma yawancin lalacewarsa wajen ɗauke shi daga jan ƙarfen take faruwa, ya yage ko ya yamutse.

Hanyar sinadarai, wadda Hummers da Offeman suka wallafa a 1958, tana haɗa girafait da asid ɗin salfa mai ƙarfi da famanganet. Ina roƙonka kada ka gwada ta a gida. Haɗin yana haifar da wani koren mai da ke iya fashewa in zafi ya haura digiri 55, kuma zuba ruwa da gaggawa yana sa asid ya yi tsalle. Abin da ke fitowa ma oksaid ɗin girafin ne, ruwan ƙasa, ba ya ɗaukar wuta sai an cire masa oksijin, kuma ko an cire saƙar ba ta komawa yadda take.

In wani ya kawo maka baƙin gari ya ce girafin ne, ka sani abin da ya wuce falle goma girafait ne mai laushi. A 2018 masu bincike a jami'ar ƙasa ta Singafo sun gwada kayan kamfanoni 60, suka tarar a yawancinsu girafin na gaske bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ka nemi sakamakon na'urar Raman, wadda ke haska gari ta zana jadawalin hasken da ya dawo. Akwai ƙololuwa uku da ake dubawa: D a wajen 1350, G a wajen 1580, da 2D a wajen 2700. A falle ɗaya mai kyau 2D siriri ne kuma ya fi G tsawo, D kusan babu shi. In 2D ya yi gajere ya baje da kafaɗa a gefe, fallaye ne masu yawa, in D ya yi tsawo, saƙar ta huje. Ka nemi kuma faɗin fuskar garin a kowane giram: falle ɗaya cikakke yana da murabba'in mita 2630, don haka garin da ya ba da 30 ko 50 yana da fallaye gommai a kowane ɓarɓashi. Wajen buɗe jakar ka rufe hanci da baki, ka kuma nisanta ta da kwamfuta da allon wuta, don ƙurar tana tashi sama ta sauka kan kayan lantarki ta haɗa su.